Barka da Sallah daga Lisbon, inda aka ce na haɗiye sarki

Assalamu alaikum Inna, da Baba, da duk mutanen gida. Barkanmu da Sallah, Allah ya karɓi layyar Baba, ya maimaita mana.

Da safe mun yi Idi a filin Martim Moniz, tsakiyar gari. 'Yan Bangaladesh suka fi yawa a sahu. Na sa farar shaddar da Yaya ya aiko mini, na kafa hula. Ana sallamewa kowa ya kama gabansa, don a Fotugal yau ranar aiki ce. Ba kukan rago, ba hayaƙi a ko'ina. Mai layya mahauci yake biya, a miƙo masa nama a leda.

Daga nan na hau jirgin ƙasa zuwa Kashkaish wurin aiki, tafiyar kamar minti 40 a gefen teku, ban ko tsaya sauya kaya ba. Ina shiga kicin, dattijon da ke mana girki ya dube ni sama da ƙasa, ya ce yau kam ina da "rei na barriga", wai akwai sarki zaune a cikina. Haka suke ce wa mai ji da kansa. Na ce masa cikin nan ko dogari babu, tun safe shayi da burodi ne.

Inna, naman nan ne ya tsaya mini a rai. Na san yanzu an gama da hanta da tumbi, gobe a ɗora babban kasko a tsakar gida, naman ya soyu a cikin kitsensa har ya yi ja, a barbaɗe shi da yajinki. Sai a juye a kwalla a tura ƙarƙashin gado, wai don kada mu gani. Duk shekarun da kike zargin kyanwa, ni ne, yau na amsa laifina. Na gwada soyawa a nan sau biyu, maƙwabciyata ta buga ƙofa saboda ƙauri, kuma ɗanɗanon bai ko kama hanya ba.

Mutanen nan fa ba su rasa sunan da za su laƙaba wa mai girman kai. "Nariz empinado" hanci ne da ya kalli sama, hura hancinmu ke nan sak. "Convencido" shi ne wanda ya riga ya yarda ya fi kowa. Wadda ta fi ba ni dariya "peneirento", daga sunan rariya. Ni na fassara wa kaina: mai tankaɗe mutane kafin ya amsa gaisuwa. Matan masu kuɗin da ke zuwa cin abinci wurinmu kuwa "tia de Cascais" ake ce musu a bayan ido, wato gwaggon Kashkaish. Wajen gaisuwa kowa kumatu biyu yake sumbata, su ɗaya suke bayarwa. 'Ya'yansu masu gyararren gashi su ne "betinho" ko "queque", sunan ɗan ƙaramin kek. Yarinyar Burazil da muke wanke-wanke tare ta ce su a can "metido" suke cewa. Na ce mu shan ƙamshi muke ce masa, na fassara musu kalma da kalma, suka yi ta dariya har mai gida ya leƙo. Ni ma na yi, amma da na fita zubar da shara na tuna gobe hawan Daushe, sai da na daɗe a waje kafin na koma.

A gaishe da Kaka sosai da sosai, a ce mata bargon yana hanya, kuma ta daina cin goro da dare, ina jin labari. A gaida Gwaggo ta Fagge, amma kada a gaya mata abin da gwaggo ke nufi a Kashkaish. Auta, goron Sallarki yana wurin Yaya, ki matsa masa, kuma ki turo mini hoton lallenki da na kwallar nan a buɗe. Ina gaida Kawu da iyalinsa. Liman, mai shayin bakin layi, da 'yan majalisa duk a gaishe su.

Inna, in an samu mai tahowa, ko yajin kaɗai ne a ƙullo mini.

Ɗanku da ke Lisbon.