Littattafan tambarin maƙeran Jamus da takubban gidajenmu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili in ja hankalin masu kula da kayan tarihi kan wasu littattafai da suke ƙara wuyar samu, wato masu ɗauke da tambarin maƙeran takubba da wuƙaƙe na Jamus, musamman na garin Solingen. Abin ya shafe mu kai tsaye. Lokacin da Heinrich Barth, wani Bajamushe matafiyi, ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa ana shigo da ruwan takobi kimanin 50,000 a shekara, kowane a kan wuri dubu, kuma kusan duk waɗanda ya gani na Solingen ne. A nan ake sa musu ƙota da kube. Wasu suna nan har yau a fadoji da gidajen sarauta, ana fito da su ranar hawa.

Darajar irin wannan littafi tana cikin shafukan zane, ba a yawan bayani ba. Kafin a biya kuɗi a nemi jerin zanen da ke farko ko ƙarshen littafin, a ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, domin akwai masu yanke su su sayar daban. Wanda aka cire wa zane ba shi da amfani ga mai bincike, komai kyan bangonsa. A duba bayan shafin suna: idan bugu ne na baya, galibi a nan ake rubuta Nachdruck, wato sake bugu da Jamusanci, da shekara. Bugun baya ba laifi ba ne, har ya fi jure hannu, amma kada a saye shi da farashin na asali. Littafin Rudolf Cronau na 1885 kan tarihin ƙirar Solingen yana cikin waɗanda ake nema. Takardar wancan zamani sau da yawa daga niƙaƙƙen itace ake yin ta, tana da sinadari mai cin ta, shi ya sa take yin ruwan ƙasa ta riƙa karyewa daga gefe. Littattafan Jamus da yawa na lokacin da tsohon rubutun Fraktur aka buga su, wanda sai an koya.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen karanta tambarin. Kerkeci mai gudu na garin Passau ne tun asali, maƙeran Solingen suka ara, saboda haka shi kaɗai ba ya nuna gari. Lamba kamar 1414 da ake gani a wasu takubba ba shekarar ƙira ba ce. Jinjirin wata biyu masu fuska kuwa, maƙeranmu ma sun riƙa buga su a kan ƙirar gida don mai saye ya natsu. Littafi mai kyau shi ne wanda ya faɗi shekarar da aka yi rajistar tambari da wanda ya gaje shi. Tagwayen da ke tambarin kamfanin Henckels an yi musu rajista a 1731 kuma har yau ana buga su, ka ga tambarin bai isa ya faɗi shekarun wuƙa ba. Kan sarki na Weyersberg da kan jarumi mai kwalkwali na Kirschbaum sun haɗu bayan kamfanonin biyu sun zama ɗaya a 1883. Ganinsu tare na nufin ba a ƙera abin kafin wannan shekara ba. Haka rubutun Made in Germany, wato an ƙera a Jamus, wanda ya biyo bayan dokar Ingila ta 1887.

Ajiya ma aiki ce a ƙasarmu. Laimar damina tana kawo tabo da fumfuna, hunturu yana busar da fatar bango ta tsage, ga gara. A ɗora littafin a kan kanta nesa da bango da ƙasa, manya a kwantar da su, kuma kada a liƙe yagewa da salatif, domin ƙaronsa yana shiga takarda ya bar tabon da ba ya fita.

Ina kira ga Gidan Makama da Arewa House da gidan tarihi na Yamai su tanadi ko da bugun baya ne, su ɗauki hoton tambarin kowane takobi da ke hannunsu, fuska biyu, da ma'auni a gefe, kafin masu gogewa da yashi su shafe abin da ya rage.

Wassalam.
Mai karatunku, daga Kano