A samar wa Baturiya da Falgore hatimin ziyara

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in miƙa wata shawara ga hukumar kula da gandayen daji ta ƙasa, tunda dausayin Baturiya na Jigawa da dajin Falgore na Kano suna cikin wurare 10 da gwamnatin tarayya ta amince a 2020 a mayar da su gandayen ƙasa.

A Amurka, tun 1986 ake sayar wa maziyarta wani ɗan littafi mai kamar fasfo. Duk gandun da mutum ya shiga, zai tarar da hatimi mai sunan wurin da kwanan wata, ya buga a littafinsa kyauta. Wasu har sukan tsara tafiyarsu don kawai su cike shafin da ya rage. To, me zai hana ɗalibin da ya je Baturiya kallon tsuntsayen da ke ƙaurowa daga Turai lokacin sanyi ya koma gida da irin wannan sheda, gobe ya nemi ta Gashaka-Gumti ko ta Kainji?

Kayan ba su da yawa: hatimin roba zagayayye, faɗinsa kada ya wuce santimita 4, sunan gandun da jiharsa a kewaye, kwanan wata mai juyawa a tsakiya. Sai soson tawada biyu, kwalbar tawada, da tebur mai ƙwari. Masu sassaƙa hatimi kuwa ga su nan birjik a Kano da Haɗeja.

Inda ake samun matsala shi ne kulawa. Iskar hunturu tana busar da soson da aka bari a buɗe cikin 'yan kwanaki, ƙura kuma ta toshe ƙananan haruffa. Daga nan sai wani ya ɗiga masa ruwa, kamar yadda aka saba a ofisoshinmu, rubutun ya fito dishi-dishi, ya koɗe kafin shekara ta zagayo. Maganinsa ɗigo 5 ko 6 na tawada, a bar shi ya tsotse cikin dare, a riƙa rufe murfin. Idan kuma aka yi ambaliyar tawadar, haruffan haɗewa za su yi, ba a gane Baturiya ce ko Birniwa. Tsohon buroshin haƙori ya isa goge ƙurar roba, amma kada a kusanto da kananzir, cinye ta yake yi.

Takardar littafin ma a duba. Mai sheƙi ba ta shan tawada, ana rufe shafi ta shafe ɗan'uwansa. Marar kauri kuma ta ɓullo ta baya. Marar sheƙi mai nauyin giram 100 zuwa 120 a kowane murabba'in mita ta fi. Wajen bugawa, a danna sau ɗaya a miƙe, a ɗaga, ban da murzawa.

Babban kuskure dai kwanan wata ne. Ma'aikaci ya manta bai juya ba, baƙin yau su tafi da ranar shekaranjiya, kuma hatimi in ya hau ya hau. Don haka a juya shi kowace safiya, a ajiye guntayen takardu kusa, kowa ya gwada tukuna. Wanda bai zo da littafi ba ya buga a guntuwar, ya liƙa da gam in ya isa gida.

A ɗaure hatimin da sarƙa a jikin teburin, don kada ya bi wani zuwa tasha.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Kirikasamma, Jihar Jigawa