Wasiƙa zuwa ga Abba, kan na'urar da ke tuƙa matatar mai

Assalamu alaikum.

Abba, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya Legas da ruwanta? Mu nan kowa ƙalau, sai ƙafar innarka da ta motsa da shigowar sanyi, amma da sauƙi. Na ɗauki biro ne don in na kira ka a waya sai ka yi ta ce min "to Baba, to Baba", ni kuwa ina jiyo yatsunka a kan kwamfuta.

Wata magana ce ta iso ni, kada ka tambayi wanda ya kawo ta. An ce ka yi sa-in-sa da wani dattijon ofareta, mai kula da injinan matatar, don ya kashe na'urar nan da kuka ɗora wa hasumiyar tace ɗanyen mai, ya koma tuƙi da hannu cikin dare, har ka ce masa a gaban yaransa wai tsoro ne da ƙarancin boko. In ƙarya ne, Allah ya yafe min. In gaskiya ne, to da ni kake, domin shekara 27 na yi a kan irin kujerar tasa, kuma ita ta biya maka kuɗin makaranta.

Kada ka ɗauka ina gaba da na'urarka. Ranar da ka zauna kan tabarma bayan sallar isha'i kana yi min bayaninta, na gane fiye da yadda na nuna. Mu a zamaninmu awo muke yi irin na mai sayar da hatsi da hannunsa ke rawa: don kada mudu ya gaza, sai ya ƙara gyara. Sakamakon ɗakin gwaji sai bayan sa'o'i yake zuwa, don haka mukan tsaya nesa da iyaka. Mu bar kananzir mai daraja ya zube cikin mai mai arha, mu ƙona mai a tanderu fiye da kima, mu dai a ce samfurin dutinmu ya wuce. Kowane ofareta da hannunsa, na safe ya ɗaga zafi, na dare ya sauke. Ita kuwa taku, kowane minti tana duba ma'aunai masu yawa a lokaci guda, ta hango inda zafi da matsi za su kai nan da awa ɗaya ko fiye, ta taɓa bawul, wato makunnin bututu, huɗu ko biyar tare, kaɗan-kaɗan, har ta ƙiyasta ingancin mai tun kafin samfur ya dawo. Hannu ya daina rawa, gyara ta ragu, kuma a matatar da ke haɗiye ɗaruruwan dubban gangunan mai a yini, wannan gyarar ba ƙaramar dukiya ba ce. Na sani kuma ba jiya aka fara ba, injiniyoyin kamfanin Shell a Amurka sun fito da irin wannan dabara tun shekarun 1970. Da mun same ta, da hawan jinina bai kai haka ba.

Amma ga abin da ke hana ni barci. Kai da bakinka ka ce min kun koya mata halin hasumiyar ne ta hanyar motsa bawul ɗaya bayan ɗaya kuna rubuta abin da ya biyo baya, a kwanakin da komai ke tafiya daidai. Ke nan lafiyar hasumiyar ta sani, ba ta san ciwonta ba. Kuma ka ce ranar tayar da injina, da ranar kashe su, da ranar da wuta ta ɗauke ko famfo ya tsaya, ajiye ta ake yi, mutum ya karɓa. To wane mutum? Wanda ya yi wata shida yana kallon allo bai taɓa komai ba, ga shi na'ura ta riga ta kai shi bakin iyaka ta ajiye? A ranar da aka fi buƙatar hannu, a ranar za a tarar hannun ya yi tsatsa. Kuma ita ma da ma'auni take gani. In ma'auni ya yi mata ƙarya, za ta bi ƙaryar da natsuwa, ba gardama.

Ka san tabon da ke damtsena na hagu. Ban taɓa gaya maka yadda aka yi ba. Allurar ma'auni ce ta tsaya cak a tsakiya, awa biyu ba ta motsa ba, ni kuma ina murna dutina ya yi kyau. Wani tsohon ma'aikaci da ko sunansa ba ya iya rubutawa da boko ya ce shirun nan bai kwanta masa ba, bututun ma kukansa ya sauya. Muka fita, ya ƙwanƙwasa bayan ma'aunin da sifana, allura ta yi tsalle ta buga ƙarshe. Da gudun rufe bawul na jingina da bututun tururi. Fata kawai na rasa. Baffanka kuma ka san abin da ya rasa a nasa daren.

Ka je ka karanta abin da ya faru a matatar kamfanin BP ta Texas City a Amurka ranar 23 ga Maris 2005. Ana tayar da wata hasumiya mai tsawon ƙafa 170, ma'auni na nuna mai bai kai ƙafa 10 ba, yana ma sauka, alhali ya haura ƙafa 150. Ƙararrawa ta biyu da ya kamata ta yi kuka ba ta yi ba. Ofaretocin sun yi kwana 29 ko fiye a jere suna aikin awa 12. Mutum 15 suka mutu, 180 suka jikkata. A matatar Milford Haven ta Birtaniya kuwa, a 1994, ofareta biyu ne ƙararrawa 275 ta rufe su cikin minti 11 na ƙarshe kafin fashewa. Waɗannan duk sun fi mu kayan aiki.

Saboda haka in dattijo ya kashe maka na'ura, kafin ka ɗaga murya ka tambaye shi me ya gani. Wataƙila hadari ne ya taso ruwa ya sanyaya fankokin sama farat ɗaya, wataƙila ɗanyen mai ne aka sauya tanki ba a gaya maka ba. Wataƙila kuma tsoron ne kawai, ban ce a'a ba, na san irinmu da taurin kai. Ko da hakan ne, na'urar da ofareta bai yarda da ita ba kashe ta zai yi da zarar ka juya baya, ka ga ribar da kake lissafi ta tafi. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ban haife ka don ka wulaƙanta mai furfura a gaban yaransa ba, ko da digiri goma gare ka. Wa ya koya maka wannan? Ba a gidan nan ba.

Na san ka ce na cika tsanani kuna yara, kuma ban cika zama gida ba. Dutin dare ne ya cinye ni, kuma wanda ya saba da wurin da sakaci ɗaya ke kashe mutane, da wuya ya iso gida ya ajiye halin a ƙofa. Ban ce na yi daidai a komai ba.

Abin da nake roƙonka kaɗan ne. Ka sa takalminka ka riƙa fita zagaye tare da su, ka ji wari, ka ji kukan famfo. Kada ka sa hannu a takardar toshe wata ƙararrawa ko ta tsallake na'urar da ke kashe injin in an shiga haɗari, don kawai lissafinka ya yi kyau a idon manya. Shi kuma mutumin, ka same shi a keɓe ka ba shi haƙuri, ka sayi goro ka kai masa in mai ci ne.

Innarka ta ba direban nan yaji da kuka da daddawa, ta ce ka mayar mata da robar wancan karon. Ƙannenka na gaishe ka. Ka kira ni ranar Juma'a bayan masallaci, ka rufe kwamfutar tukuna.

Allah ya tsare, ya yi maka albarka.

Mahaifinka