Ku Riƙa Buga Dalilan Alƙali, Ba Hukunci Kaɗai Ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na yi shekara ashirin da ɗoriya ina tafinta a kotu, kuma har yau raina yana ɓaci idan aka sallami wanda ake tuhuma, jama'a suka ce an sayi alƙali. Ban ce ba a yi ba. Amma sau da yawa hujja ce ta gaza.

Akwai wata baiwar Allah da ba na mantawa. Ta ranta wa ƙanin mijinta kuɗi, ba rubutu, ba idon kowa. Ya zo ya ce faufau bai karɓa ba. Ina fassara maganarta ina kallon hannunta yana rawa, zuciyata ta ba ni gaskiya take faɗa. Sau uku alƙali yana tambayar ta ko akwai wanda ya gani. Babu. Ya kori ƙarar, kuma daren nan ban runtsa ba. Sai dai da zai yi hukunci da rawar hannu, gobe maƙaryacin da ya iya kuka shi ma zai ci shari'a. Shi ya sa malaman fiƙihu ke cewa hujja tana kan mai ƙara, rantsuwa tana kan wanda ya musa.

Bayan an tabbatar da abin da ya faru, sai a nemo dokar da ta hau kansa, a duba yadda aka yanke irinsa a baya. A 1932 kotun ƙoli ta Birtaniya ta saurari ƙarar wata mata, Donoghue, wadda ta ce ta tarar da ruɓaɓɓen dodon-koɗi a kwalbar abin sha. Ba ita ta saya ba, don haka babu ciniki tsakaninta da kamfanin. Alƙalai uku cikin biyar suka ce duk da haka wajibi ne mai sarrafa kaya ya kula da lafiyar wanda zai yi amfani da su. Bayan shekara uku aka yi amfani da wannan hukunci a ƙarar wani likita a Ostareliya da wandonsa na ciki ya jawo masa ciwon fata. Ina abin sha, ina wando? Illar ce ɗaya: aibi ne ɓoyayye da mai saye ba zai iya ganowa ba. Duk wanda ya karanta ƙiyasi, wato auna sabuwar mas'ala da makamanciyarta da aka riga aka san hukuncinta, a gaban malami ya san wannan hanyar.

Roƙona, Malam Edita, idan wakilinku ya je kotu, kada ya tsaya a "an sallame shi". Ya faɗa mana wace shaida aka kawo, wacce alƙali ya ƙi karɓa, kuma don me.

Naka,
Wani tsohon tafintan kotu