Sirrinmu a Intanet

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin 'yan'uwa kan wani kuskure da ya zama ruwan dare. Mutane da yawa sun ɗauka cewa da zarar sun buɗe shafin Incognito a Chrome babu mai ganin inda suka shiga, alhali aikinsa shi ne hana wayar adana tarihin bincike, amma kamfanin sadarwa da shafin da aka ziyarta duk suna gani. Na taɓa duba farashin takalmi sau ɗaya tak, tallansa ya yi ta bina kwana da kwanaki, har sai da na saka uBlock Origin, wata manhajar toshe talla, a Firefox, manhajar shiga intanet irin Chrome, sannan na huta.

Batun saƙonni ya fi damuna. Tun 2016 WhatsApp ke kulle saƙo ta yadda mai aikawa da mai karɓa kaɗai ke karantawa, sai dai kullen bai ɓoye wa kamfanin lambobin da ake mu'amala da su ba. A Telegram kuwa, hirar yau da kullum ba ta da irin wannan kulle sai mutum ya zaɓi hirar sirri da kansa. Shi ya sa na mayar da maganar iyalina kan Signal, wata manhajar aika saƙo mai kulle kowace hira.

Naku,
Mai karatu a kullum