A daina sa wa 'yan tsanan tarihi leshi da shadda

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da malaman makaranta da 'yan uwana masu ɗinki.

Ni tela ce. Idan ranar al'adu ta ƙarato, makarantu kan kawo mini 'yan tsana in yi musu tufafin mutanen da. Yadin da ake haɗo ni da shi ne ke ci mini rai. Za a ce wannan matar attajiri ce a zamanin Sarkin Kano Ibrahim Dabo, sai a miƙo mini leshi mai duwatsu da shadda Getzner. Haba jama'a! Dabo ya rasu tun 1846. Yaro kuwa abin da idonsa ya gani shi yake riƙewa.

Ba mu rasa namu ba. Da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya tarar tufafin da ake saƙawa ana rinawa a nan suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Akwai fari, akwai saƙi mai zanen zabo, akwai tsamiya, ga jan alharini da fatake ke ketaro Sahara da shi. Shuɗin kuwa na baba ne, irin wanda har yau ake tsomawa a marinar Ƙofar Mata.

Sai dai jikin 'yar tsana ƙarami ne. In ka ɗaura mata gwado mai kauri, tsayawa zai yi ƙiƙam, ba zai kwanta ba. Shi ya sa na fi son turkuɗin Kura: saƙarsa siririya ce, ga laushi, ga ƙyallin bugu. Amma yana zubar da shuni, don haka nakan sa farin ƙyalle daga ciki kada ya ɓata jikinta. Babbar rigar namiji aska biyu ta ishe ta, aska takwas cunkushewa take yi. Ɗinkin kuma da hannu, don layin keke yana tona asiri.

Wanda bai samu saƙar hannu ba, ya sayi alawayyo ya kai marina. Ya fi yadin roba nesa ba kusa ba.

Roƙona ga shugabannin makarantu: ku ware kuɗin yadin tun farkon zango, ku faɗa wa tela shekarar da garin da ake nufi, don masaƙa da marina ba sa aikin gaggawa.

Wassalam.

Wata mai ɗinki,
Gwale, Kano