A bar wa naƙasassu wurinsu a bakin kanti

Malam Edita, sallama. Don Allah a ba ni fili in yi magana kan wurin ajiye mota a manyan kantunan Yamai.

Wasu iyaye na cewa a ware masu wuri kusa da ƙofa kamar yadda ake yi a Ingila, kuma ban ƙi ta tasu ba, duk wadda ta taɓa fiddo yara daga mota da goyo a baya cikin ranar Afrilu ta san wahalar. Amma fa naƙasasshe shi ne gaba. Uwa ko da wuya za ta taka, shi kuwa mai keken guragu in aka matse shi ko ƙofa ba ta buɗuwa balle ya sauko da keken, ga rairayi tayar na nutsewa. Na ga wani dattijo ɗansa na cicciɓar shi tun daga bakin titi, gardi na kallo.

A Faransa wanda ya tare wurin naƙasassu tarar yuro 135 ce, sama da jika 88 na sefa. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu tun 2008. Masu kanti ku ware wa naƙasassu wuri, ku shafa fenti ku sa alama, gardi ya hana kowa tarewa, sannan a ba masu goyo na kusa da shi.

Mai karatunku daga Yamai